Motar da Ba Ta Ciwo Sai Ranar Kasuwar Gwashi

Kwanan baya wani matashi ya tsaya bakin rumfata a Gummi, hannu cikin aljihu, yana kallona ina liƙe waya. Da ya gaji da kallo sai ya ce, "Baba, ai wagga sana'a taku wata ukku ya ishe ni. Ja da ja, baƙi da baƙi, a naɗe da tef." Abin da ya rage kuma wai akwai shi a wayar hannu, wani zai nuna masa a bidiyo. Na ce madalla, Allah ya ba da sa'a. Ni da Allah bai ba ni irin kansa ba, na haura shekara talatin ina gyaran wutar mota, kuma har gobe akwai wadda za ta shigo in tsaya ina sosa ƙeya. Saboda shi da abokansa masu ƙwaƙwalwa nake ba da wannan labari.

A Anka na koyi aiki, wurin wani dattijo da ake kira Maigida Tanko. Shekarar farko bai bar ni na yanke waya ko ɗaya ba. Aikina kankare kan batir da goge tsatsa a duk inda aka ɗaure waya a jikin ƙarfen mota, wato wurin da muke kira at. In na goge na kawo masa, sai ya shafa da babban yatsa ya ce in koma. Kayan aikinsa gaba ɗaya ba su cika jakar buhu ba: filaya, sukudireba biyu, kwan fitila mai jela biyu na gwaji, dalma, da ƙarfen da ake ɗorawa a garwashi a narka ta. Lokacin motar gas ba ta da wata fitina a wajenmu. Famfon da ke tura mata mai ƙarfe ne zalla, in ta tashi kana iya cire batir ka ara wa maƙwabci, ita ko a jikinta.

Sai aka fara shigo mana da motoci 'yan Beljiyam masu ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji. A jikin famfon gas ɗinsu akwai wani ɗan abu kamar yatsa, shi ne sensa. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda famfo ke juyawa, ita kuma ta san lokacin da za ta saki mai. Wutar da yake aikawa ƙarama ce ƙwarai, kamar mutum yana yi maka raɗa a tsakiyar kasuwa. To a mota kuwa masu surutu sun yi yawa: altaneta, hon, injin waifa, duk abin da ke cin wuta yana watsa tasa a iska. Wannan muke kira hayaniya. In ta shiga wayar sensa, ƙwaƙwalwa ta rikice, ta saki mai ba kan lokaci ba, mota ta kama tari. Shi ya sa masu ƙera ta suka sa wa wayar riga, saƙa ce ta siraran ƙarfe, aka ɗaure bakinta ɗaya a at don ta kwashe hayaniyar ta zubar a jikin mota. Kwan fitilar gwaji ba ya ganin wannan ciwo, domin waya ba ta tsinke ba. Mita ma sai ta ce maka komai lafiya.

Abin da ke gani, ko in ce ke ji, wata tsohuwar rediyo ce da nake da ita mai cin batir biyu, an ɗaure murfinta da roba. Ina murɗa ta tsakanin tasha da tasha inda babu mai magana, in bi jikin mota da ita. Inda hayaniya take sai ta kama ƙara. Matasa suna dariya in sun ga na ɗauko ta, wai Baba zai saurari labaran mota. Su nasu na'ura ce mai allo, su soka ta ta rubuta musu cewa akwai matsala a sensa. Sai su saya wa mai mota sabon sensa, su sake sokawa, ta sake rubuta musu abin da ta rubuta ɗazu. Ilimi ke nan.

Masu kawo mana aiki kuwa, kowa likita ne tun daga gida. Ba a kawo min mota sai makaniki ya kwance rabinta ya ce famfo ne, mai famfo ya wanke ya ce gas ne, mai gas ya rantse ya ce direba ne. Direba shi ne ƙarshen layi, don shi ba shi da wanda zai nuna.

Haka aka yi wa Haliru. Direba ne mai furfura a gemu, yana jan wata motar kaya mai taya shida ta Alhaji Sambo, ɗan kasuwar hatsi a nan Gummi. Duk motocin Alhaji ni ke duba musu wuta, kuma su ne rabin abincina. Da kaka, kowace ranar kasuwar Gwashi, Haliru yakan fita da mota wayam ya bi ta Bukkuyum, ya dawo da gero da dawa da awaki, masu kayan suna zaune a kan buhunansu. A zuwa mota lafiya lau. A dawowa sai ta kama tari, tana fizga, tana zubar da baƙin hayaƙi, wani lokaci ta mutu a hanya. Kuma duk wanda ya san wannan hanya a 'yan shekarun nan ya san ba wurin da mutum ke so ya tsaya yana buɗe inji ba ne.

Sau uku ana kawo min ita. Kowane zuwa sai ta tashi da mari ɗaya, tana kaɗawa sumul kamar ta zo gaisuwa. Na bi ta da rediyo, shiru. Na ce ba ta wajena ba ce, na faɗa da ƙarfi kuma, don jama'a su ji. Aka kwance famfo aka kai Gusau har sau biyu, aka canza nozul, aka canza matatar mai. Mai famfo da ya gaji ya ce gurɓataccen gas ake zuba mata. Nan Alhaji ya zauna ya yi tunani irin na masu dukiya. Mota tana tafiya lafiya da man da ya zuba da hannunsa, ba ta lalacewa sai ta yini a Gwashi. Ashe ke nan Haliru yana zuƙe gas ya sayar a can, ya cika tanki da kalanzir. Alhaji bai faɗa a ɗaki ba, a bakin shagonsa ya faɗa, gaban masu awo da 'yan dako. Ya ce kasuwa ɗaya ta rage, in aka dawo Haliru ya ajiye makulli.

Ana jibi kasuwa Haliru ya zo rumfata a ƙafa. Ya gaishe ni, ya zauna a kan tsohon batir.

"Malam Garba, ka ji abin da Alhaji yac ce?"

Na ce na ji. Wa bai ji ba?

"Shekara goma sha ɗaya ina jan motatai. Wallahi ko cokali guda na gas ban taɓa ɗauka ba. In kora ta, Allah na nan. Amma in anka kore ni da sunan ɓarawo, wa ka ba ni mota garin ga? Mi za ni ce ma ɗiyana?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Na ce tun da mota ta ƙi yin ciwo a gabana, ni zan bi ta inda take yi. Na ga fuskarsa ta ɗan canza, amma na ɗauka kunya ce.

Ranar kasuwa muka fita bayan sallar asuba, ina gaba kusa da shi, rediyo a kan cinya. Har Gwashi ba ta ce uffan ba. Muka yini, aka yi lodi, na zagaya tanki sau ba adadi kamar mai gadi, babu wanda ya kusance shi. Bayan azahar masu kaya suka fara hawa. Ina zaune sai na ga mutane suna zuwa tagar direba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙo hannu, Haliru ya girgiza kai ya ce, "Yau babu." Su koma suna gunaguni. Muka ɗau hanya. Mota ta yi ta gudu kamar ranar aka sauke ta daga jirgi. Na ce a raina, to ga shi, ta ga Malam Garba ta shiga hankalinta.

A wani ƙauye muka tsaya ɗaukar wani dattijon Bafulatani da tumakinsa biyu. Shi bai san da wani yau babu ba. Ya zo taga ya tura wata 'yar ƙaramar wayar hannu har kan sitiyari.

"Direba, amshi. Kwana huɗu tana mace."

"Baffa, yau babu."

"Babu mi? Kullum akwai, sai yau da ɗiyata ka jiran kirana?"

Na dubi Haliru. Na ce, "Ni ma dai ina son in ji. Babu mi?"

Ya share gumi. Daga nan ya sa hannu bayan kujera ya jawo wani buhu. A ciki akwai inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, mai arha ɗin nan da ake sayarwa a faranti, da soket mai baki da yawa, caja sun cukurkuɗe a jiki kamar saƙar gizo. Ashe mutanen ƙauyukan nan da na rugage, da ba su da wuta, sun saba in sun hau motar Haliru sai su miƙa masa wayoyinsu. Kafin a kai Bukkuyum sun sami abin da za su yi kwanaki da shi. Ba ya karɓar komai, sai dai wani ya kawo masa goran nono, wata ta sa masa albarka. Yana ɓoyewa ne don Alhaji ya hana a jona komai a motocinsa tun da wata ta taɓa kamawa da wuta. Duk ranar da za a kawo min mota sai ya cire ya bar shi a gida.

Na ce, "Jona. Amshi na kowa."

Aka yi ta miƙo wayoyi daga sama, har buhu ya yi nauyi. Yana kunna inbata rediyona ta ƙwala ihu, har dattijon ya ja da baya. Ba mu yi nisa ba mota ta fara tarinta. Na ce ya kashe, ta daina. Ya kunna, ta koma. Sai ga Malam Garba ya kumbura a kujera. Na fara shirya yadda zan ba da labari a majalisa, yadda na gano abin da ya gagari mutanen Gusau. Har na fara yi wa Haliru wa'azi a kan jone-jone.

Shi kuwa ya ce, a hankali, "Malam, amma shekara ukku ke nan ina aikin ga da shi. Ba ta taɓa yi ba sai bana."

Wannan magana ta katse min wa'azi. In gaskiya ya faɗa, to inbata yana ihunsa tun tuni, wayar sensa ce ta daina toshe kunne. Da muka shiga garin Bukkuyum na ce ya tsaya. Muka ɗaga kan mota. Na bi wayar tun daga famfo, ina matsa ta da yatsa cikin kunshinta. Wajen da ta bi ta ƙarƙashin kujera, daidai inda wayar inbata ta ratsa, na ji kaurinta ya canza. Na sa reza na farke tef. Rigar ta ƙare a nan, ta ci gaba a can, a tsakani kuwa taƙi ɗaya na wata shuɗiyar waya tsirara, irin ta fanka. An liƙe ta da dalma tsaf, an naɗe, an lanƙwasa bakin tef ɗin baya don ya yi sauƙin warwarewa. Mutum ɗaya ne ke lanƙwasa tef haka a Gummi, kuma a Anka ya koya.

Sai na tuna. Da damina ne, wata Juma'a, ɓera ya ci wayar. Ana ta kiran salla, Alhaji yana ta aike a saki mota. Waya mai riga babu ita a Gummi, sai an aika Gusau ko Sakkwato. Na waiga na ga wata matacciyar fanka da aka kawo gyara, na yanko jelarta na jona. Ja da ja, baƙi da baƙi. Na gwada da kwan fitila ya kama, mota ta tashi, na ce in an kwana biyu zan canza. Daga nan mota ta koma jigilar cikin fadama, inda babu mai miƙo waya, ta yi watanni lafiya. Ni kuma na manta, kamar yadda manyan ƙwararru ke mantawa.

Haliru yana tsaye a kaina. Shi ya kawo motar a waccan Juma'ar, ya gane aikin kafin in buɗe baki. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina goge tsatsa.

"Malam," ya ce, "ni ban ga komi ba. Kai ma ba ka ga buhu ba. Ka gyara ta shiru, kowa shi huta."

Shawara ce mai daɗi, kuma na so ta ƙwarai. Har na ce to. Muka sauke kan mota, aka kashe inbata, muka kama hanyar Gummi. Amma tun kafin mu ga gari lissafin ya ƙi zama. In na gyara shiru, mota za ta warke daidai makon da Alhaji ya yi barazana. Me Alhaji zai ce? Zai ce ɓarawo ya ji tsoro ya daina. Ko ya bar masa makulli, sunan ya zauna ke nan, har jikokinsa. Na gaya wa Haliru haka. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Washegari na aika aka kawo waya mai riga. Na canza ta tun daga famfo har ƙwaƙwalwa, babu jonin ko ɗaya, na ɗaure rigar a at ta baki ɗaya kawai, don in ka ɗaure duka biyun ita ma sai ta zama hanyar hayaniya. Na goge wurin ɗaurin har yana ƙyalli. Wayar inbata kuma na ɗauke ta daga nan na bi da ita ta ɗaya gefen, na sa mata fis, na sa kwandansa mai shanye hayaniya, na zura ta cikin wani baƙin zobe da na ciro daga igiyar tsohuwar kwamfuta. Na tara wayoyin hannu na duk wanda ke kusa muka jona. Rediyo ta yi ɗan gunaguni kusa da buhu, a wajen sensa kuwa shiru. Mota ko gezau.

Daga nan na ɗauki taƙin shuɗiyar wayar na tafi shagon Alhaji. Na zaɓi lokacin da ake awo, mutane cike, tun da a gabansu aka yi wancan. Na ajiye ta a kan sikeli.

"Mi na na wanga?" in ji Alhaji.

"Ranka shi daɗe, ɓarawon gas ɗinka na. Wayar hwanka ta. Ni nis sa ta da damana, ita ta hana mota lahiya. Haliru bai taɓa maka mai ba."

Na ba shi labari duka, har da buhun, don in na rage wani zai ƙarasa masa. Na ce inbata ya shekara uku a ciki ba abin da ya faru, kuma yanzu na yi masa hanyar da ba zai ƙona komai ba. Alhaji ya dubi waya, ya dubi Haliru, ya dubi jama'a. A gabansa abu biyu ne: ko ya ba direbansa haƙuri a gaban 'yan dako, ko ya sauke a kaina. Bai sha wahalar zaɓe ba.

"Kai kay yi wanga aiki? Hwanka? Motata kas sa ma wayar hwanka, ina ta kai hwamfo Gusau kamar mahaukaci?"

Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Maganar inbata ma ta bi ruwa, don fushin bai ishi mutum biyu ba. Da ya gama ya juya wajen Haliru, bai kalle shi sosai ba, ya ce, "Kai kuma mi kaka jira? Akwai shinkahwa bakin gulbi." Iyakar haƙurin da aka ba shi ke nan, kuma kowa a wurin ya gane.

Wannan ita ce shekarar da na fi shan wuya a sana'a. Alhaji ya janye motocinsa gaba ɗaya, abokansa suka bi sahu, domin mai kuɗi ba ya fushi shi kaɗai. Aka sa min suna Mai Hwanka. Masu wayarin da ko sunan rigar waya ba su sani ba suka riƙa ba da labarina suna riƙe ciki. Na koma gyaran hon na babur da tocila, har da fanka, tun da an ce na ƙware. Sai da wata kaka ta zagayo kafin manyan motoci su fara dawowa, su ma waɗanda suka gagari kowa ne, masu tari ba dalili.

Wayar tana nan rataye a ƙusa cikin rumfata. Matashin nan na wata uku ya gan ta, ya tambaye ni ko ta sayarwa ce. Na sauko masa da ita na ce ya duba jonin da kyau ya gaya min inda aka yi kuskure. Ya juya ta, ya ja, ya leƙa dalmar, ya ce shi bai ga kuskure ba, aiki ya yi kyau. Na ce ni ma haka na gani.

Haliru har yau shi ke jan motar. Ranar kasuwar Gwashi in ya dawo yakan biyo ta gaban rumfata, mutane a kan buhuna kowa da waya a kunne, ya danna hon sau biyu ya wuce. Ba ya tsayawa. Alhaji ya rantse motarsa ba za ta sake shiga rumfata ba, kuma rantsuwarsa ba ta karye ba, don tun daga ranar babu abin da ya sake kawo ta.